Gaɓar Rhine a Kan Keke: Daga Bonn Zuwa Mainz

Kogin Rhine ya taso ne daga duwatsun Suwizalan, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,230 kafin ya zuba a teku a ƙasar Holan. Kusan duk tsawon nan akwai hanyar keke da ke bin gefensa, wadda ake kira EuroVelo 15. Ni ɓangaren tsakiya na ɗauka, daga Bonn zuwa Mainz a ƙasar Jamus, inda kogin ya keta tsaunuka ya bar ƙauyuka a maƙale tsakanin ruwa da dutse. Abokin tafiyata wani dattijo ne mutumin Damagaram, wanda ya daɗe a ƙasar yana sana'ar gyaran kekuna. Shi ya duba mini birki da sarƙa, ya sa na ɗauki famfo da kayan faci da rigar ruwa, ya kuma hana ni jakar goyo, ya ce a rataya kaya a kariya don baya ya huta.

"Malam," in ji shi, "hanyar nan ba ta gaggawa ba ce. Mai sauri ga jirgin ƙasa can, gaɓa ɗaya yake bi da mu."

Da hantsi muka bar Bonn, garin da Jamus ta Yamma ta mayar mazaunin gwamnatinta a 1949. Muka fuskanci kudu, ruwa na gangarowa ta hagunmu. Abin da ido ya fara kamawa shi ne manyan alluna masu lambobi da aka jera a gaɓa saboda matuƙa jirgi. Suna ƙidaya nisa ne daga gadar garin Konstanz: Bonn tana kan lamba 655, Mainz kuwa 498. Da su muka riƙa auna tafiyarmu, lamba na raguwa, ƙafa na juya feda.

Hanyar da muke kai ta girmi keke nesa ba kusa ba. Kafin a sami jirgi mai injin tururi a ƙarni na 19, dawaki ne ke jan jiragen kaya da igiya in za a haura kogi, su a tudu, jirgi a ruwa. Don haka tilas aka bar wani zirin ƙasa a bakin ruwa babu gini babu shinge, yadda igiya ba za ta sarƙe ba. Da injin ya zo dawaki suka tafi, amma zirin bai koma hannun masu gidaje ba. Shi ne aka shimfiɗa wa kwalta daga baya. Gidajen masu hali na nan jere a unguwar Bad Godesberg, da lambuna da manyan tagogi masu kallon ruwa, amma katangar kowanne ta tsaya ne a bayan hanya. Gaban ruwa na mai keke ne da mai tura jariri da tsohuwa mai sanda.

A tsallake ga tsaunin Drachenfels da kangon fada a kansa. Ɗaruruwan shekaru ana fasa dutsensa ana lodawa a jirgi don ginin babbar majami'ar Kolon, har tsaunin ya kama hanyar ƙarewa. A 1836 gwamnatin Prusiya ta saye kansa ta hana fasa. Muna wuce shi kaɗan rubutun alamomin hanya ya sauya daga ja zuwa kore, shaidar mun fita jihar North Rhine-Westphalia mun shiga Rhineland-Palatinate. Launi kawai ya bambanta. A kowace mararraba akwai sunan gari na gaba da nisansa, don haka ban buƙaci ciro waya don neman hanya ba.

A Remagen muka fara tsayawa, ƙarƙashin wasu baƙaƙen hasumiyoyi biyu, ga kuma 'yan'uwansu biyu a tsallake, babu komai a tsakani sai ruwa. Ragowar gadar Ludendorff ke nan. Ranar 7 ga Maris 1945 sojojin Amurka suka iso suka tarar da ita a tsaye, bayan yunƙurin tarwatsa ta bai yi nasara ba, suka tsallaka da dubban sojoji da motoci. Ranar 17 ga watan ta rufta da kanta, ta halaka sojoji kusan 30. Ba a sake gina ta ba. Tun 1980 hasumiyoyin wannan gaɓa suka zama gidan tarihi na zaman lafiya, inda ake nuna har da labarin sansanin da aka tsare dubban fursunonin yaƙi na Jamus a filin da ke gaba, cikin ruwan sama da yunwa. Ta gefen wannan fili hanyarmu ta bi. Yau gonaki ne da gidaje.

Gaba kaɗan wani ƙaramin kogi mai suna Ahr ke shiga Rhine. Ranar da muka gan shi, ruwansa bai fi a tsallaka da ƙafa ba. Amma a daren 14 zuwa 15 ga Yulin 2021, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wannan ɗan kogi ya cika kwarinsa ya kwashe gidaje da gadoji da layin dogo, ya kashe mutum fiye da 130. A garin Sinzig da ke nan bakin mahaɗa, mutum 12 suka rasu a wani gidan masu buƙata ta musamman. Abokin tafiyata na cikin waɗanda suka zo aikin sa-kai bayan ruwan ya janye. Ya ce taɓo ya kai wuyan tagogi, kuma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wari. Muka sauka daga kekuna muka yi shiru na ɗan lokaci kafin mu ci gaba. Duk mai zama bakin ruwa, komai ƙarfin ƙasarsa, yana zaune ne da maƙwabcin da ba a raina shi.

Andernach ta ɗan sanyaya mana rai. A bakin garin akwai wani tsohon injin ɗaga kaya na ƙarni na 16, wanda mutane ke juyawa da ƙafa daga cikin manyan ƙafafun katako. Da shi aka riƙa loda duwatsun niƙa a jirage har 1911. Cikin gari kuma, a gindin tsohuwar ganuwa, inda wasu garuruwa za su shuka furanni, nan tumatir ne da wake da kabeji da itatuwan marmari. Tun 2010 hukumar garin ta ɗauki wannan tsari, kuma kowa na da izinin tsinka. Na ga wata mata ta tsaya da kekenta ta ciri ganyen miya daidai na girki ɗaya ta wuce. Babu mai gadi, kuma lambun bai ƙare ba.

A nan muka kwana, a ɗaya daga cikin masaukan da ke da alamar Bett+Bike, tsarin da ƙungiyar masu keke ta Jamus, ADFC, ke kula da shi. Sharuɗɗansa na wanda ya san tafiya ne: a karɓi baƙo ko da dare ɗaya zai yi, a ba shi ɗaki mai kulle don kekensa, da wurin shanya jiƙaƙƙun kaya, da kayan gyara. Da yake bazarar Turai ce, rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe tara, muka yi magariba a lokacin da a gida an daɗe da yin isha'i. Mai masaukin, wata dattijuwa, da ta ji ba ma cin naman alade sai ta ƙara mana cuku da dafaffen ƙwai a karin safe, ta kuma naɗe mana burodi na guzuri.

Koblenz tana kan lamba 592, inda kogin Mosel ke haɗuwa da Rhine a ƙarƙashin ƙaton mutum-mutumin Sarki Wilhelm na Ɗaya bisa doki. Masu yawon buɗe ido nan suke cincirindo. Ni abin da ya fi jan hankalina a garin shi ne ofishin hukumar ƙasa da ƙasa mai kare kogin, wadda ƙasashen gaɓar suka kafa a 1950. Wanda ya ga ruwan yau, da agwagi da masu kamun kifi da ƙugiya, zai yi wuya ya yarda cewa a farkon shekarun 1970 ana yi wa Rhine kallon magudanar ƙazantar Turai. Masana'antu da birane duk cikinsa suke zubarwa, kifin samon kuwa ya ɓace tun shekarun 1950. Ranar 1 ga Nuwamban 1986 gobara ta tashi a rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz kusa da Basel. Ruwan da aka kashe wutar da shi ya kwashi tan-tan na maganin ƙwari zuwa kogi, ruwa ya yi ja, kifaye suka mutu tsawon ɗaruruwan kilomita, aka rufe wuraren ɗibar ruwan sha har zuwa Holan. Fushin jama'a ya tilasta wa gwamnatoci. A 1987 suka amince da wani shiri mai buri ɗaya da kowa zai gane: samon ya dawo kafin shekarar 2000. Aka ƙara matatun ruwan datti, aka tsaurara doka a kan masana'antu, aka gyara wa kifi mashiga a madatsun ruwa. A 1990 aka sake ganin samon a yankin kogin Sieg, dab da Bonn. Tsabtar da mai keke ke shaƙa a gaɓar nan ba gado ba ce, aiki ne da aka yi da kuɗi da doka da naci.

Duk da haka abokin tafiyata ya gargaɗe ni da na ce zan tsoma ƙafa. "A'a, Malam, iya idon sawu kawai. In jirgi ya wuce, ruwan ja da baya yake yi, ya tafi da mutum." Kowace shekara ana rasa rayuka a kogin ta wannan hanya.

Daga Koblenz zuwa Bingen, kimanin kilomita 65, nan ne zuciyar tafiyar. A 2002 UNESCO ta sa wannan kwari cikin wuraren tarihi na duniya. Tsaunuka suka matso, kogi ya shiga lanƙwasa, kusan kowace kwana da fadar dutse a samanta, kimanin 40 gaba ɗaya. Yawancinsu kangaye ne ko waɗanda aka sake ginawa, domin sojojin Faransa sun rushe da dama a ƙarshen ƙarni na 17. Marksburg, da muka hango fara tas a saman garin Braubach, ita ce ta kan tsauni da ba a taɓa rushewa ba.

Kafin Boppard muka shiga gonakin inabi. An sassaƙa su hawa-hawa a jikin tsauni, da katangun dutse da aka jera da hannu, a gangaren da mutum ke hawa yana dafa ƙasa. Baƙin dutsen wurin mai ɓarewa falle-falle yana shan zafin rana ya riƙe shi har dare, kogi kuma na rage sanyi, shi ya sa inabi ke nuna a wuri mai nisa arewa haka. Giya ake yi da mafi yawansa. Mu dai ruwan inabi zalla muka saya a wata rumfa, mai sanyi da ɗan tsami. Manomin ya nuna mana saman tsauni inda daji ya rufe tsofaffin katangu, ya ce can ma gona ce a zamanin kakansa. Tarakta ba ta hawa, aikin hannu ya yi tsada, matasa sun tafi birni. Gonakin inabin yankin duka yau ba su kai hekta 500 ba.

A wannan rumfa muka haɗu da wasu mata da miji da suka haura saba'in, kowanne da keke mai batir. Irin wannan keke ba ya tafiya da kansa, taimaka wa ƙafa yake yi har gudun kilomita 25 a awa, daga nan ya bar ka da ƙarfinka. Matar ta ce ciwon gwiwa ya raba ta da keke shekaru, batir ya dawo da ita hanya. Na lura tsofaffi sun fi kowa yawa a wannan gaɓa. Bayansu sai iyalai, uba a gaba, yara a tsakiya da hulunan kwano, uwa a baya tana jan ɗan akwati mai taya da jariri a ciki.

Kwarin ba aljanna ba ne. Wuri ya yi kaɗan, don haka a wurare da dama hanyar keke manne take da babban titi, motoci na wucewa dab da kafaɗa. Layin dogo kuma na kowace gaɓa, jiragen kaya masu zirga-zirga tsakanin tashoshin ruwan Holan da Italiya na ratsawa dare da rana, ƙararsu na bugun tsauni tana dawowa. A ƙauyuka mun ga kyallayen ƙorafi rataye a jikin gidaje, mun ga shaguna a rufe. Kyan da baƙo ke zuwa gani, mazauna na biyan wani abu a kansa.

Tsakanin Koblenz da Mainz babu gada ko ɗaya, sai jiragen fito. A St. Goar muka tura kekuna cikin ɗaya, tare da motoci da 'yan makaranta, muka tsallaka don ganin dutsen Loreley kusa. Tsayinsa mita 132 daga fuskar ruwa, a daidai inda kogi ya tsuke ya yi zurfi ya kuma yi kwana. Akwai tatsuniyar wata mace da ke zama a kansa tana ɗauke hankalin matuƙa har su halaka, amma haɗarin wurin ba tatsuniya ba ne. Ranar 13 ga Janairun 2011 wata tankar ruwa mai suna Waldhof, ɗauke da kusan tan 2,400 na asid, ta kife a nan, ɗaruruwan jirage suka yi makonni suna jira. Da yake matuƙi ba ya hango abin da ke bayan kwana, an kafa alluna masu fitilu a gaɓa da ke sanar da shi irin jirgin da ke gangarowa. Na daɗe ina kallon jiragen nan. Mai tsawon mita 110 na ɗaukar kusan tan 3,000, lodin tirela fiye da 100. A bayansa ga motar matuƙin a ɗaure, ga shanya, wani lokaci har da kejin wasan yara, domin jirgin gidansu ne.

Muka dawo gaɓarmu, muka wuce Oberwesel, sai ga Pfalzgrafenstein tsaye a tsakiyar ruwa gaban garin Kaub. Sarki Ludwig na Bavariya ne ya fara gina ta a 1326, ba don zama ba, don karɓar kuɗi. Jirgin da ya zo sai ya tsaya ya biya, wanda ya ƙi kuwa akwai kurkuku a ƙasan hasumiya. Da yawa daga fadojin da muke ɗauka hoto yau aikinsu ke nan, kamar shingayen da fatake ke tararwa a kan hanya, kowane sarki da nasa kuɗin fito. Kaya kan yi tsada kafin su isa kasuwa. An daɗe ana ja-in-ja kafin a kawar da wannan. Taron Viyana na 1815 ya haifar da hukumar kula da zirga-zirgar jirage a Rhine, wadda ke aiki har yau daga Strasbourg, sannan yarjejeniyar Mannheim ta 1868 ta tabbatar da cewa kogin a buɗe yake ga jiragen kowa ba tare da kuɗin wucewa ba.

Kaub tana da wani abu da 'yan kasuwa suka fi damuwa da shi a kan fada: ma'aunin ruwa. Wannan yanki na cikin mafi ƙarancin zurfi a hanyar jirage, don haka lambar da ma'aunin ya nuna ita ke faɗa wa matuƙi yawan lodin da zai ɗauka. A fari na Oktoban 2018 ya sauka zuwa santimita 25, jirage suka koma ɗaukar ɗan kason lodinsu, wasu gidajen mai suka ƙafe, har gwamnati ta buɗe rumbun man ko-ta-kwana. A Agustan 2022 ya sake sauka kusa da haka. A tafiya guda na ga inda ruwa ya yi yawa ya kashe mutane, na ga inda ya yi kaɗan ya tsayar da masana'antu.

A Bingen tsaunuka suka saki kogi. Ya baje, tsibirai suka bayyana, hanya ta bar titi ta shiga fadama da gonakin ceri da tuffa. Nan ne ƙauye sosai: ƙamshin ciyawar da aka yanka, tarakta na jan kaya, tebur a ƙofar gona da 'ya'yan itace a kai da gwangwanin saka kuɗi, babu mai tsaro. Kusa da Ingelheim an bar wani fili musamman don kogi ya malala ciki in ya cika, a rage wa garuruwan ƙasa nauyi. A nan muka ga fararen shamuwa na Turai suna kiwo. Abokin tafiyata ya tsaya yana murmushi, ya ce wasunsu a Sahel suke cin rani, ƙila sun fi mu sanin hanyar gida. Muka yi la'asar a gindin wata bishiya, muka ƙarasa Mainz, garin da Gutenberg ya fara ɗab'i da haruffan ƙarfe a Turai wajen 1450, kafin rana ta yi sanyi.

A wajenmu keke abin hawan wanda bai samu ba ne. Da hali ya zo sai a jingine shi a hau babur, daga nan mota. A gaɓar Rhine na ga likita da ɗalibi da ɗan fansho a kan sirdi iri ɗaya, kuma ban yarda cewa halinsu ne ya bambanta da namu ba. Hanya aka ba su wadda uwa za ta saki ɗanta a kai hankalinta kwance, aka ba su ruwan da ba ya wari, aka hana kowa katange gaɓa. Kowanne daga cikin ukun nan sai da aka yi shekaru ana fafutuka kafin ya samu. Yamai na da Neja, Kaduna na da nata kogin, Yola da Garwa na kan Binuwai. Matakin farko ba ya cin kuɗi mai yawa: a shata zirin ƙasa a bakin ruwa, a rubuta a doka cewa na jama'a ne, tun kafin masu katanga da masu zubar da shara su riga kowa. Kwalta da alluna za su iya jiran lokacinsu, amma gaɓar da aka riga aka sayar, dawo da ita sai an sha wuya.